Sabulun ruwa ɗaya, densiti uku: ina yauƙi yake ɓata awo?

Wata Malama mai kula da ingancin kaya a wata ƙaramar masana'antar sabulun ruwa da shamfu a Sakkwato ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Muna cika kwalabe da sikeli amma da lita muke sayarwa, don haka dole mu san densitin kowane haɗi, wato nauyin mililita ɗaya nasa a gram. Na ɗebi sabulu daga tanki ɗaya. Na'urar dijital mai bututun gilashi ta ba ni 1.0312, kwalbar piknomita, wadda ake cikawa a ɗora a sikeli, ta ba ni 1.027, haidiromita kuwa, gilashin nan mai ma'auni da ake sakewa ya yi iyo a cikin ruwa, yau 1.01 gobe 1.05. Idan ruwa na auna babu wadda ke ba ni matsala. An ce mini yauƙin sabulun ne. Gaskiya ne? Kuma wacce zan riƙa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya ce miki yauƙi ne bai yi kuskure ba, sai dai yauƙin ba ta ƙofa ɗaya yake shiga ba, kuma girman bambancin da kika gani shi ke nuna ƙofar. Idan bambancin yana lamba ta huɗu bayan ɗigo, yauƙin ne da kansa yake rikita kaɗawar bututu. Idan yana lamba ta uku, kamar 0.004 da ke tsakanin na'urarki da piknomita, ki nemi kumfa da zafi. Idan ya kai lamba ta biyu, kayan awon ne bai dace da ruwan ba. Lafiyar da kike gani a ruwa kuwa ba shaida ba ce, domin da ruwan aka daidaita su tun farko.

Sai mun raba kauri da yauƙi kafin mu ci gaba. Zuma tana da kauri: ki juya ta da cokali ki saki, ta tsaya inda kika bar ta, ƙarfin da kika sa ya tafi ke nan. Miyar kuɓewa ba ta kai zuma kauri ba, amma ki ɗaga ludayi ki yanke zaren, za ki ga ya ja da baya ya koma tukunya. Ta ajiye wani ɓangare na ƙarfin ta mayar. Sabulunki yana da duka biyun. Idan aka zuba gishiri a haɗin Texapon, sinadarin da ke sa sabulu kumfa da wanki, ƙwayoyin sabulun suna jeruwa su zama dogayen zaruruwa masu sarƙewa da juna. Haka sinadaran kaurara sabulu irin su Natrosol da CMC da zantan suke yi ta nasu salon. Irin wannan ruwa ba shi da kauri guda tsayayye. Yadda yake amsawa ya danganta da saurin da aka taɓa shi: a hankali ya kwarara, da sauri ya cije.

Haidiromita ki ajiye ta, ba ta wannan aikin ba ce. Aikinta ya ginu a kan cewa babu abin da ke riƙe da ita sai nauyinta da turin ruwa. Sabulu mai sarƙaƙƙun zaruruwa yana kama jikin gilashin, wani ma ba ya sakin abu sai an kai wani ƙarfi. Mu ɗauki haidiromita wadda abin da ya nutse nata mililita 30 ne, faɗin fatarta santimita murabba'i 80. Idan ruwan yana iya riƙewa da ƙarfin Paskal ɗaya kacal (Paskal ma'aunin ƙarfi ne a kan faɗin fili), kuskuren zai kai wajen 0.027 g/cm³, sama ko ƙasa. Kika sake ta daga sama, ta tsaya kafin ta kai inda ya kamata, karatu ya yi yawa. Kika danna ta ƙasa ta taso, ta tsaya kafin ta gama tasowa, karatu ya yi kaɗan. Ga 1.05 da 1.01 ɗinki nan. Ko da sabulun na sakin ta daga baya, jiran ya fi ƙarfin haƙurin mai aiki, ga kumfa a saman silinda ta rufe layin karatu.

Na'urar dijital ita ce ke buƙatar dogon bayani. Tushenta aikin Hans Stabinger da Hans Leopold da Otto Kratky ne a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, kuma kamfanin Anton Paar ya fito da ta farko a 1967. Bututu ne na gilashi mai siffar U, yana cin kimanin mililita ɗaya. Ana kaɗa shi, a auna tsawon lokacin kaɗawa ɗaya. Ruwa mai nauyi yana sa shi jinkiri. Lissafin gajere ne: densiti daidai yake da A sau murabba'in lokacin kaɗawa, a cire B. Su A da B ana samo su ne daga iska da tataccen ruwa. Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta auna nauyi, lokaci take aunawa. Duk abin da ya taɓa lokacin kaɗawa, ko ba nauyi ba ne, za ta rubuta shi a matsayin densiti.

Kauri shi kaɗai ma yana taɓa shi. Bututun lanƙwasawa yake yi, ba tafiya gaba da baya kawai ba, don haka bangonsa yana ɗan goga ruwan da ke ciki. Ruwa mai tsinkewa yana zamewa. Mai kauri kuwa bango yana jan wani ɓangare nasa, sai bututun ya ji kamar an ƙara masa kaya, karatu ya hau. Ƙa'idar ISO 15212-1 ta ba da ƙiyasi: kuskuren a kilogiram kan mita kubik ya kai kusan 0.05 sau tushen murabba'in kaurin a mPa·s, ma'aunin kauri wanda a kansa ruwa ke da kusan 1. Wato ruwa mai kauri 100 zai ƙara kimanin 0.0005 g/cm³. Ba ya ci gaba da hawa har abada. Zurfin da jan bango ke kaiwa cikin ruwa yana ƙaruwa da kauri. Idan muka ɗauka bututun na kaɗawa sau 300 a daƙiƙa, zurfin a ruwa kusan milimita 0.03 ne, a kauri 100 ya zama 0.3, a kauri 1000 ya kai milimita ɗaya, wanda ya riga ya kai tsakiyar bututun. Daga nan ruwan gaba ɗaya yana bin bango, kuskuren ya tsaya ƙasa da 0.001.

Na'urorin zamani suna gyara wannan da kansu. Suna duba yadda kaɗawar ke dusashewa, wasu kuma su kaɗa bututun a wani sauti na sama su kwatanta, daga nan su ƙiyasta kauri su cire abin da ya ƙara. Gyaran yana aiki ƙwarai ga man gyaɗa, man inji, gilisarin da ruwan sukari. Amma an zana shi ne da ruwaye masu bin dokar Newton, wato masu kauri guda tsayayye, waɗanda a cikinsu dusashewar kaɗawa da ƙarin kaya suke tafiya tare, san ɗaya ka san ɗaya. Yauƙi yana raba su.

Ga yadda abin yake. Kowane ruwa mai yauƙi yana da lokacin da zaruruwansa ke ɗauka kafin su saki bayan an ja su. Mu ce na sabulunki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne. A wannan ɗan lokacin bututun ya riga ya je ya dawo sau 30. Zaruruwan ba su samu damar saki ba, saboda haka abin da bango yake ji ba ruwa mai kwarara ba ne, abu ne mai cijewa ya mayar. Masana suna auna wannan da lambar Deborah, wadda Markus Reiner ya kawo a 1964: lokacin saki a kan lokacin motsi. Idan ta haura ɗaya sosai, yauƙi ke mulki. A misalin nan ta kusa 190 idan aka lissafa da saurin kewayen kaɗawar.

Abu uku ke biyo baya. Na farko, abu mai mayar da ƙarfi ba ya cinye kaɗawa sosai, sai na'urar ta ga dusashewa kaɗan ta ɗauka ruwan mai tsinkewa ne, ta yi gyara kaɗan, alhali yana bin bango. Na biyu, yauƙin yana ɗan ƙara wa bututun tauri, kuma tauri yana hanzarta kaɗawa, wanda ke ja da karatu ƙasa. Na uku ya fi su wuyar kamawa. A ruwa mai kauri zalla jan bango mutuwa yake yi kusa da bango, amma a mai yauƙi tafiya yake kamar igiya. Sabulu mai kauri 3000 da lokacin saki 0.1 yana da taurin kusan Paskal 30, igiyar na gudun santimita 17 a daƙiƙa, tsawonta a kaɗawa 300 bai kai milimita 0.6 ba. Wannan ya yi kusa da rabin faɗin bututun, don haka igiyar daga wannan bango tana haɗuwa da ta wancan, wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. Shi ya sa babu mai iya ce miki kuskuren yauƙi kullum sama yake ko kullum ƙasa. Ƙara gishiri kaɗan ko sauya zafi na iya juya shi.

Akwai kuskuren da masu tsohuwar na'ura marar gyara ke yawan yi, kuma ina so ki kiyaye shi. Sai su auna kauri da na'urar Brookfield, wadda sandarta ke juyawa a hankali, su samu 3000, su je tebur su cire 0.0006 ko 0.0007 daga karatun. Amma 3000 ɗin na motsin hankali ne. A saurin bututu, ɓangaren da ke aiki kamar kauri na iya zama ƙasa da 10. Sun cire abin da babu shi. Ga ruwa mai yauƙi, gara a bar karatun yadda yake a kwatanta shi da piknomita, da a yi masa gyaran da aka gina a kan lambar da ba tasa ba.

Duk da haka, dukan wannan da wuya ya kai 0.001. Gram ɗaya ke nan a lita. Naki bambancin gram huɗu ne, don haka mu duba sauran biyun, kumfa da zafi.

Kumfa ita ce babbar ɓarnar yauƙi a aikin yau da kullum. Iska kusan ba ta da nauyi, don haka kashi ɗaya cikin ɗari na iska a sabulu yana rage densiti da kusan 0.010. Naki 0.004 iskar da ba ta kai rabin kashi ɗaya ba ta isa ta kawo shi, kuma ido ba lallai ya gan ta ba, sai dai ɗan hazo a sabulun da ya kamata ya zama garau. Ƙwayar iska mai faɗin milimita 0.2 tana haye santimita goma na ruwa cikin daƙiƙa biyar. A ruwa mai kauri 1000 sai ta yi sama da awa ɗaya, a 3000 ta kusa awa huɗu. Idan haɗin na da mai kaurarawa irin zantan ko Carbopol, ƙananan ba za su taɓa tasowa ba, ko an kwana ana jira. Injin gauraya da ke jan iska daga sama shi ke zuba su, haka ma famfo mai tsotsa ta haɗin da bai ɗauru ba.

Yadda kumfa ke cutar da kayan biyu ya bambanta. Ƙwaya ɗaya mai faɗin milimita ɗaya a piknomita mai mililita 50 tana rage 0.00001 ne kawai, ba abin damuwa ba. Abin tsoro a nan shi ne hazon dubban ƙanana. Amma wannan ƙwaya ɗaya a bututu mai mililita ɗaya tana iya rage 0.0005, musamman in ta zauna a lanƙwasar U inda kaɗawa ta fi ƙarfi. Idan na'urarki na da kyamara ko tagar leƙe, kada ki karɓi karatu sai kin duba.

Sai zafi, wanda mu a Sakkwato ba za mu yi wasa da shi ba. Na'urar dijital irin ta kan tebur tana sanyaya bututunta da kanta, yawanci zuwa digiri 20. Piknomita kuwa zafin ɗaki take bi. Ruwa a digiri 20 densitinsa 0.99820 ne, a 25 ya zama 0.99705, a 30 ya zama 0.99565, a 35 kuma 0.99403. Sabulunki mafi yawansa ruwa ne, haka zai riƙa sauka. Idan ɗakin awonki yana digiri 33 zuwa 35, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Afrilu da Mayu ko da fanka na juyawa, to bambancin 0.004 ya riga ya fito ba tare da ko ƙwayar kumfa ɗaya ba. Zato na ya fi ƙarfi a nan. Ki duba zafin da na'urar ke nunawa, ki tsoma ma'aunin zafi a piknomita, kafin ki zargi komai.

Ga yadda za ki gano gaskiyar lamba. Ki ɗebi kimanin mililita 200 daga tsakiyar tanki, a zuba ta gefen kwalba a hankali, a rufe nan take. Lokacin hunturu iska a bushe take ƙwarai, sabulun da aka bari a buɗe yana yin fata a sama cikin mintuna kaɗan, kuma abin da ya rage ya fi nauyi. Ki fitar da iskar. Sentirifuj, injin da ke wulwula bututu da sauri, ya fi komai: juyi 2000 zuwa 3000 a minti, na minti biyar zuwa goma, a bututu mai murfi. Banda shamfu mai ƙyalli ko mai ƙwayoyi a ciki, domin zai raba su. In babu sentirifuj, ki sa kwalbar a rufe cikin ruwan ɗumi mai digiri 40 zuwa 45 na awa ɗaya ko biyu. Sabulun da gishiri ya kaurara yana sakin jiki sosai da ɗumi, kumfar ta taso, ki kwashe ta sama. Famfon zuƙe iska yana aiki, amma sabulu na tashi ya cika kwano, kuma ruwa da turare suna fita tare da iskar, don haka a taƙaita. Bahon girgiza da sauti ba ya yin abin kirki a ruwa mai kauri, ɗumama shi kawai yake yi.

Piknomita ita ce alƙali, saboda a cikinta babu abin da ke motsi, yauƙi bai da abin da zai cije a kai. Amma ba mai siririn rami a marfi ba. Sabulu na toshe ramin, in kin danna marfin ya ɗago shi a hankali. Ki nemi mai faɗin baki irin ta Hubbard, ko kofin ƙarfe mai mililita 50 ko 100 da masu fenti ke amfani da shi. Ki auna ta a bushe, da sikelin da ke karanta 0.001 na gram. Ki cika da tataccen ruwan da aka tafasa ya huce, ki sa a bahon ruwa mai tsayayyen zafi na rabin awa, ki goge, ki auna. Ki maimaita da sabulun a wannan zafin dai, ki zuba da sirinji marar allura, bakinsa na ƙasan kwalbar yana tasowa tare da ruwan. Sabulu ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi domin ba ya juyawa a ciki, ki ba shi minti 45. Ki ɗora marfin a hankali, ki jira minti biyu, ki goge abin da ya fito, ki sake dubawa ko wani ya ƙara fitowa. Kada ki riƙe kwalbar a tafin hannu.

Misali a digiri 25: ruwa ya ba da gram 49.800, sabulu 51.300. Ki raba na biyu da na farko, 1.03012. Ki ninka da 0.99705 bayan kin cire masa 0.0012 na iska, sannan ki mayar da 0.0012 ɗin. Amsa 1.0270. Gyaran iskar ƙarami ne ga abin da ya yi kusa da ruwa, amma ga zuma mai kusan 1.42 ya kai 0.0005. Ki yi sau uku. Idan sun bambanta da fiye da 0.0003, har yanzu akwai iska ko zafi bai daidaita ba, kuma a nan mafi girman lamba ya fi kusa da gaskiya, domin kumfa ragewa kawai take yi.

Yanzu ki saita na'urar dijital a zafin da kika yi piknomita. Shawarata ki mayar da duk awon masana'antar digiri 25 ko 30, ya fi sauƙin riƙewa a garin nan, kuma ya fi kusa da zafin da kuke cika kwalabe. Ki ja sabulun cikin sirinji a hankali, in aka fizga sai iska ta fito daga cikinsa. Ki tura mililita biyu zuwa uku ba gaggawa, ki bar sirinjin a maƙale, domin in kin zare shi sabulun na ja da baya ya shigo da iska ta baki. Ki jira minti uku zuwa biyar ko da na'urar ta ce ta gama. Turawar ta miƙe zaruruwan, sai sun koma yadda suke karatu zai zauna. Idan na'urar na nuna karatun da aka gyara da wanda ba a gyara ba, ki rubuta duka biyun.

Abin da ya rage tsakaninta da piknomita bayan wannan shi ne rabon yauƙi na gaskiya. Ki rubuta shi ga kowane haɗi daban, ki riƙa amfani da na'urar kullum saboda saurinta, kina cire ko ƙara wannan ɗan bambancin. Duk ranar da aka sauya yawan gishiri ko mai kaurarawa, a sake kwatantawa. In kina son tabbaci na biyu, ki auna haɗin kafin a sa gishiri, lokacin yana tsinke. Kashi ɗaya cikin ɗari na gishiri yana ƙara kusan 0.007. Idan karatun bayan gishiri ya kauce wa wannan lissafi da nisa, akwai iska. Ga cika kwalbar lita kuwa, 0.0005 rabin gram ne, bai kai a tsayar da aiki ba. 0.03 na haidiromita shi ne gram 30 a kowace kwalba, kilo 30 a tanki mai lita dubu.

Wankin bututun ma yana cikin awon, domin sabulu mai yauƙi yana barin siririyar fata a gilashi. Ki wanke da ruwan ɗumi mai yawa har kumfa ta ƙare, ki bi da itanol, ki busar da famfon iskar na'urar. Karatun iska a Sakkwato, da ke kusan mita 300 sama da teku, zai zauna wajen 0.00116 a digiri 20. In ya haura 0.0013, akwai saura a ciki, ki sake wankewa. Da damina, idan bututun na digiri 20 iskar ɗaki kuma da laima, raɓa na iya sauka a cikinsa ta ɗaga karatun, sai ki bi da iskar ta cikin silika mai shan laima. Na'urar kuma ki sa mata inbata, saboda duk ɗaukewar wuta sai ta ɗauki lokaci zafinta ya sake zama, kuma karatun da aka yi kafin nan ba abin dogaro ba ne.